Yadda Inna Take Gane Yayin Sallah

Sha'aban ya kama, na buɗe adakar atamfofin bara da suka ƙi fita. Ƙanshin kafur na buguna, sai Inna ta faɗo mini a rai. Shekara uku ke nan da rasuwarta.

War haka takan bar rumfarta ta tafi tasha, ta zauna tana tauna goro, tana kallon zannuwan matan da ke saukowa daga motocin kudu. A nan take gane zanen da za a yi yayinsa da Sallah.

Shekararta ta ƙarshe na raka ta, idonta ya yi rauni. Ta kamo bakin zanen wata baƙuwa, ta murza, ta ce mini, "Irin wannan za ki saro."

Na ce, "Inna, yaya kika gane?"

Ta ce, "Ba ki ji mata sun yi tsit da ta wuce ba?"

Bana ma na je. Gari ya cika da baƙi, hayaniya kawai nake ji. Rumfar nan da Inna ta bar mini ba za ta kai baɗi ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Inna. Ni kam kin bar ni cikin duhu.