Ihun da Na Aro Wurin Saja

Shekarun baya can, tun Turawa ba su tafi ba, aka ba ni riƙon helma, wato shugaban leburori, a aikin hanyar Zuru zuwa Manga. Riƙon gwaji ne. Ni kuwa mutum ne da ko sallama na yi sai an ce in maimaita. Mutanena yawanci tsofaffin sojoji ne da suka dawo daga yaƙin Bama, kuma mun fahimci juna: in ɗauki diga in nuna wuri, su bi. Aiki na tafiya lafiya lau.

Amma mai duba aiki bai gamsu ba. A gabana ya ce, "Wanga helma bai da murya. In na dawo ban jiyo shi tun daga gindin dutse ba, a canza shi." Ga shi matata na da tsohon ciki, ni kuma ba ni da wata sana'a.

Na kai kuka wurin abokina, tsohon saja. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kalma guda ta ishe ka. Cika ƙirji ka ce, Tanshan!" Kunya ta hana ni tambayar ma'anarta, na ɗauka "ku ƙara himma" ce da Turanci. Na yi ta gwaji cikin gonar dawa har jakin maƙwabcina ya fara amsa mini.

Ranar da mai dubawa ya dawo, ina hango kekensa na runtse ido na kwarara kalmar. Kwanonin ɗaukar ƙasa suka zube, diga da shebur suka faɗi. Mutanena duk suka ƙame, ƙirji gaba, hannu a cinya. Ashe umarnin soja ne na a ƙame. Aiki ya tsaya cik. Na ce shi ke nan, na kashe kaina.

Shi kuwa ya sauka yana ratsa tsakaninsu, baki har kunne. Ya zaci faretin girmamawa na shirya masa. "Yauwa! Ga helma!" Nan take ya tabbatar da ni. Har ya wuce ba wanda ya motsa, don ban san kalmar sakinsu ba. Sai wani dattijo ya ce ta gefen baki, "Malam, ka ce mu huta mana, ƙafa ta gaji."

Har yau in na tuna sai na yi dariya, ko da yake da ɗan ɗaci a ciki. Duk watannin da hanya ke ci gaba shiru, ba wanda ya gan ni. Sai ranar da na tsayar da aiki da ihu aka ce na iya shugabanci.