Goran Baba Ba Zai Hau Mambila Ba

Jiya a Jega muna shirin tahiya kamun kihi Mambila, sai na tallabo goran marigayi Baba, babban nan na masunta da yake hawa cikin gulbi. Ni sabon shiga ne, ban iya iyo ba.

Kawu Sani da zai kai ni yac ce, "Ɗana, aje shi. Ƙoramun can duk duwatsu ne, hwashewa zai yi."

"Kawu, in na nutse hwa?"

"Ruwan iyakar gwiwa ne. Sanyi ne abin tsoro."

Zan aje, sai na ji abu ciki. Suwaitar Baba ce, Inna ta tura ta ciki tun daga garinmu Giwa Tazo.

Ba ta taɓa zuwa Mambila ba, amma ta riga ni shiri. Jama'a, mi kuma zan riƙa?