Kawu Zai-Faɗi da Ƙyauren Inna

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada zamanin da muke tasowa ya san Kawuna Malam Barau, ko da bai san sunansa na yanka ba. Zai-Faɗi ake ce masa. Kun tuna yadda yake yi: in ya zo wucewa ta gindin katangar mutum sai ya tsaya, ya sa farce ya kankaro ƙasa, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miyar amarya. Can sai ya tofar, ya ce, "Zai faɗi."

Malamin da ke koya mana boko da la'asar ya ce kowa ya rubuta labarin mutumin da ya sani sosai. Ni kuwa ban san kowa kamar Kawu ba, don a gidana ya ƙare kwanansa, shi da matarsa Inna Kande. Allah bai ba su haihuwa ba.

Wai shi dillalin gidaje ne. Kai, ban taɓa ganin dillali mai korar masu saye ba sai shi! Cewa yake in ƙasar bango ta yi gishiri, to gidan ya soma mutuwa daga ƙasa, kuɗinsa ma za su bi shi. Ni dai ban taɓa jin ya lasa ya rasa gishirin ba.

Wata rana Audu mahauci ya kai shi ganin gidan da yake so ya saya. Kawu ya kankara, ya lasa, ya yanke hukuncin da ya saba.

Audu ya ce, "Malam, wai mene ne zai faɗi? Kuɗin gidan ko katangar?"

"Kai dai jira damina."

"To amma nan wurin da ka lasa, nan fa maigidan yake ɗaure jakinsa."

Kawu ya sake tofarwa, ya goge baki da hannun riga, ya ce, "Shi ya sa na ji faɗuwar ta matso kusa."

In katanga ta zube da marka, da sassafe za ka gan shi da sandarsa yana zagaya wurin yana cewa, "Ban faɗa ba?" In kuwa katanga ta tsaya, kuɗin gida suka ninka, aka tare shi da zancen, sai ya ce, "Na ce zai faɗi. Na ce muku yaushe?"

Sau ɗaya tak aka ji wata kalma daban a bakinsa, ita ce kuma ta raba shi da gidansa. Ina ƙarami lokacin, a bakin Inna na ji. Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Zariya, baƙi suka yi ta tuɗaɗowa, kowa na neman wurin sa haƙarƙari a Tudun Wada. Kawu ya tafi tasha, ya durƙusa ya ƙare wa ƙarafan dogo kallo, ya dawo bakin kasuwa ya ce, "Jama'a, Tudun Wada za ta tashi."

Magana ta bazu. Zai-Faɗi da kansa ya ce za ta tashi! Malam Iro mai goro, wani Bakano da ke neman gida, ya zo da saurinsa. Kawu ya ce ga nasa nan, in yana so.

Malam Iro ya ce, "Ikon Allah! Ka ce kuɗi za su tashi, kuma kana sayar da naka?"

"Wa ya ce maka kuɗi? Tashi nake nufi, irin na ɗaura kaya a ka. Ka je ka dubi hanyar jirgin nan. Ba gina ta suka yi ba, shimfiɗa ta suka yi. Ranar da Turawa suka gaji da sauronmu, naɗe ta za su yi kamar tabarma. Daga nan kowa ya koma garinsu, gidajen nan su zama na jemagu."

Malam Iro ya yi dariya har da riƙe ciki, ya biya.

Ranar kwashe kaya Inna ta zauna a bakin ɗakinta ta ce ba inda za ta. Ɗakin nan yana da ƙyauren katako mai ƙusoshin maƙera, wanda mahaifinta ya kawo mata daga cikin birni, a lokacin da sauran matan unguwa asabari suke saukewa. Da rarrashi ya ƙi ci, sai Kawu ya ciro ƙyauren ɗungurungum ya ɗora a ka.

Ya ce, "Taso, ga ɗakin naki nan ya yi gaba. Kafin damina ta zagayo zan sayi gidan nan da kuɗin akuya. Ni da hannuna zan mayar miki da ƙyaurenki."

Ta bi ƙyauren, ba shi ba. Haka take faɗa.

Daga nan suka shiga zaman aro. Suka zauna Gyallesu, suka dawo bayan kasuwa, yunwa ta zo ta cinye kuɗin gidan, Turawa kuwa sai ƙara shimfiɗa ƙarfe suke yi. Duk inda suka sauka ƙyauren ba ya shiga ƙofar, ko ya yi faɗi ko ya yi tsawo. Sai a jingine shi a kan duwatsu saboda gara. Kawu bai taɓa saya wa ƙafarsa mai ba duk kaushinta, amma kowace Juma'a sai ya shafe ƙyauren nan da man gyaɗa. Yara suna binsa suna cewa, "Mai ƙofa ba ɗaki!" Shi kuwa ya juyo ya ce, "Ku gaya wa ubanku nasa ma zai faɗi."

Da na yi aure na kama sana'ar ɗinki, na ɗauko su. Inna ta sami ɗan ɗaki a cikin gida, Kawu ya kama zaure, ƙyaure ya kama bangon zauren.

To, abin da zai ba ku haushi, maganarsa ta zo ta tabbata. Shekarun nan da fara ta yi ta zuwa, gyaɗa da auduga suka rasa daraja, ma'aikatan jirgi da yawa aka sallame su. Gidaje suka faɗi warwas. Malam Iro ya karye, ya zo da ƙafarsa har zaurena, ya ce wa Kawu ya karɓi gidansa a kan abin da ya sawwaƙa, shi Kano zai koma. Na ce zan sayar da kekena na ɗinki in cika. Ran nan Inna ta wanke zannuwanta, ta soma ɗaure tukwane.

Kawu ya sa babbar riga, muka tafi. Ya tsaya a gindin katangar da ya gina da hannunsa, ya kankara, ya lasa. Ya daɗe idonsa a rufe, har na ɗauka kuka zai yi. Sai ya tofar.

"Bai gama faɗuwa ba."

Na roƙe shi a hanya, na roƙe shi a gida. Ya ce ni yaro ne, in bari baɗi za a ba mu da roƙo. Inna tana jin mu daga bayan zana. Ba ta taɓa sa baki a maganar maza ba, amma ran nan ta ce, "Malam, ni ce fa na kusa gama faɗuwa."

Ya ce, "Ke dai kwance tukwanenki, kada su fashe."

Wani akawu ya sayi gidan, ya buga masa kwano. Tun daga nan kuɗin gida a Tudun Wada ba su sake waiwayowa ba. Inna ba ta ƙara ambaton gidan ba, ba ta kuma ƙara bi ta layin ba, ko da za ta gidan suna sai ta zagaya.

Da damina ta rasu, bayan gajeruwar jinya, a ɗakin aro. Muna maƙabarta masu haƙa suka ce a kawo itacen rufi. Na waiga ban ga Kawu ba. Can sai ga shi tafe, tsoho tukuf, ƙyaure a ka, yana tangaɗi. Muka ruga za mu karɓa, ya hana.

Ya sauke, ya ce, "Ku faskara."

Wani daga cikin masu haƙa ya ce, "Haba Malam, wannan katako? Ai ga itace nan an kawo."

"Ɗakinta ne. Na ce ni zan sa mata."

Aka faskara. Shi ya durƙusa ya jera katakan a bakin kabarin ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuwa sun yi daidai kamar an auna. Da aka gama mayar da ƙasa, hannunsa ya tafi da kansa, ya ɗebo 'yar kaɗan ya ɗora a harshe. Ran nan kaɗai na ga bai tofar ba.

Bai daɗe sosai a bayanta ba. Ya daina lasar bango, ya daina zuwa kasuwa, sai zama a zaure yana kallon inda ƙyauren ya bar shaida a jikin bango. Ana saura kwanaki ya rasu, ɗan Audu mahauci ya zo neman shawara a kan wani gida a Kwangila.

Kawu ya ce, "Kana da mata?"

"Ina da ita, Baba."

"Tana son gidan?"

"Ita ta matsa."

"To tashi ka je ka biya, kada ka tsaya salla a hanya."

Yaron ya fita da murna. Kawu ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya matso kusa da kunnena ya ce, "Amma fa zai faɗi."

Allah ya jiƙan Kawu Barau, ya yafe masa taurin kansa. Allah ya jiƙan Inna Kande, ya saka mata haƙurinta. Ya haɗa su a gidan da ba a tashi, ya ba ta ɗaki nata na kanta, mai ƙyaure. Amin.