Kafaɗar Siddig

A ƙauyenmu na yankin Friesland, can ƙasar Turawa, mutum shida ke ɗaukar gawa, uku a dama uku a hagu, kuma dole kowa ya yi daidai da abokin kafaɗarsa a tsawo. Ni Wiebe, Allah ya zuba mini tsawo har ya yi yawa. Shekara da shekaru da Jelle ake haɗa ni, mutumin da kansa bai wuce hammatata ba. Duk mamacin da muka ɗauka, a karkace yake isa kabari.

Ana haka Siddig ya zo. Daga yammacin Sudan ya gudo, aka ajiye shi a gidan masu neman mafaka da ke bayan gari. Wata rana ya tarar da mu a ƙofar coci muna fama da akwatin wani ƙaton manomi, bai tambayi kowa ba ya ture Jelle ya sa kafaɗa. Akwati ya miƙe sak.

Douwe, shugabanmu, ya ce, "Kai baƙo, ka san Kirista ne a ciki?"

"To sai me?" in ji Siddig. "A garinmu ba a wuce gawa hannu na dukan cinya."

Aka ba shi baƙar riga da farar safar hannu. Ladanmu kofi ne da burodi da cuku bayan an binne, shi kuwa sukarin da yake zubawa a kofi ɗaya ya ishi gida guda.

Abin da ke cin raina shi ne shari'arsa. Ofishin baƙi suka ce ba su yarda daga ƙauyen da ya ambata ya fito ba, wai ya kasa faɗin nisan rijiya da kasuwa. Ni da aka haife ni a nan, a tambaye ni nisan coci da gada mu gani. Lauyarsa ta kai ƙara, alƙali ya ce a sake dubawa. Suka duba, suka sake ƙi da sabon dalili. Aka ɗaukaka ƙara, aka faɗi, aka shigar da sabuwar buƙata, aka koma gidan jiya. Da baƙin gashi ya zo mana, yanzu furfura ta cika masa gemu, kuma duk zaman kotu mun san in ya faɗi ana iya sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasarsu.

Wadda ta koya masa yarenmu, har da zagin ciki, ita ce Aukje, tsohuwar da kowa ke kira kaka. Kullum sai ta ce masa, "Kai dogon banza, kai za ka ɗauke ni. Ban yarda Jelle ya kai ni wurin mijina a karkace ba."

"Kaka, ki bari alƙali ya gama da ni tukuna."

"Alƙalin naku? Ashe ba zan mutu ba ke nan."

Ta rasu da shigowar lokacin kaka. Aka sa jana'iza ranar Alhamis, ranar da kotu ta kira shi. Lauya ta ce in bai je ba, ya kashe kansa da kansa. Sai ga shi a gidana, wai ba ya zuwa.

"Wiebe, alkawari na yi mata."

"Kanka ɗaya kuwa? In suka mayar da kai, ni wa zai ɗauke ni? Jelle?"

Da kaina na kai shi tashar jirgin ƙasa, ina masifa har muka isa. Muka ɗauki Aukje, Jelle a madadin Siddig. A kwanar maƙabarta na ji ta zame a cikin akwati ta bugi katako ta gefen Jelle, kunya ta kama ni har wuya.

Muna cikin shan kofi Siddig ya shigo. Tafinta bai zo ba, an ɗaga zaman sai bayan sanyi. Ko sunansa ba wanda ya tambaya. Na buɗe baki zan fara tsine wa kotu, ya tare ni.

"A miƙe ta tafi?"

"A miƙe," na ce.

Ya dubi Jelle, wanda ya dage da kallon cikin kofinsa, sannan ya dube ni.

"Wiebe, ni da aka yi shekaru ana ce mini maƙaryaci, ai na san ƙarya in na ji ta."

Ya zaro safar hannunsa daga aljihu ya sa, ya nufi maƙabarta shi kaɗai.