Fi Daidai Yake da Rabin Fi

Zamanin da nake sayar da kaset a kasuwar Black Market, akwai wata 'yar lise, wato babbar sakandare, ɗiyar wani Alhaji mai shigo da atamfa, da ke tsayawa a rumfata kafin ta hau gbaka, ƙaramar motar haya. Don ita nake guge takalmi. Na riga na gaya mata na yi tarminal, ajin ƙarshe na lise, alhali tun a sankiyem, aji biyu na sakandare, ni da makaranta muka rabu, ba tare da kowa ya yi kuka ba.

Wata rana ta zaro aikin gida daga jaka: wani layi ne yana hawa yana sauka kamar maciji a kan kwalta mai zafi, wai a nemo lissafin da ya haife shi. Ta ce amplitud kam, wato tsayin hawan layin, ta gano, biyu ce. Na ce ai ampli mai ƙara wa kaset sauti sana'armu ce, ta bar mini zuwa gobe.

Sai na nufi unguwar Treichville, wajen wani ɗan jami'a mai tabarau, kwastomana. Ya duba inda layin ya kai ƙololuwa da inda ya fara maimaita kansa, ya ce saura a san yadda aka tura shi gefe. Turawar nan sunanta phi, kuma daidai take da pi, lambar nan ta lissafin da'ira, a raba biyu. Zai rubuta mini, na ce a'a, da ka zan riƙe, kada ta ga rubutun wani.

Na manta da bakin da Allah ya ba ni. Mu da muke ce wa unguwar Plateau Filato, pi da phi a wurinmu uwa ɗaya uba ɗaya, duk fi ne.

Washegari a tashar Roxy na tare ta, hannu a aljihu.

"Abu mai sauƙi. Fi egal fi sur de, wato fi daidai yake da rabin fi."

"Wane fi, malam?"

"Fi dai. Na farkon wa ne, na biyun ƙane."

Ta ce duk abin da ya yi daidai da rabin kansa sifiri ne, kamar tarminal ɗina. Da Faransanci ta faɗa, don mai soya ayabar aloko a gefe ma ta samu rabonta na dariya. Sannan ta tambaye ni wanda ya yi aikin, tunda ban da bakina komai daidai ne.

Na ba ta kwatancen ɗakin mai tabarau, har launin ƙofar. Tun ranar bas ɗin Treichville take jira, a tsallaken titi, daidai inda nake hangenta sarai.