Akushin Mahaifina a Bayan Gilashi

A da, idan ka shiga ɗakin kayan tarihi da ke bayan tsohuwar makarantarmu a Gumel, gardama za ka tarar. Wannan ya ɗaga galma ya ce ƙirar garin Ɗanzomo ce, wancan ya ƙaryata shi. Yanzu shiru ne. Kowa waya a hannu, abin sauraro a kunne. Na ga irin shirun nan a Alƙahira, na gan shi a Faransa, ban zaci zai iso gida ba.

Akushin mahaifina yana ɗakin, ni na kai shi. Yana da tsaga a gefe, an ɗinke ta da ƙarfe. A shekarar yunwa, kullum magariba mahaifiyata takan rufe shi da faifai ta aika da shi zaure, ba komai a ciki, don kada maƙwabta su gane halin da muke ciki. Wata rana ya suɓuce ya tsage a gaban mutane, kowa ya kau da kai. Duk waɗanda suka ga wannan sun rasu, sai ni.

Da jikata ta zo hutu daga jami'a, na kai ta don in ba ta labarin a gabansa. Kafin in buɗe baki ta nuna wa wayarta wata 'yar alama a jikin gilashin, ta sa abin sauraro a kunne.

"Tsoho, ka ji, wai na attajirai ne, a ciki ake zuba musu tuwon biki."

"Amarya, na babana ne. Dubi tsagar nan."

"Kai dai angon nan, komai na gidanku ne. Bari in ji ƙarshe."

Ta mayar da abin kunnenta. Na tsaya ina kallon leɓunanta suna bin muryar da ba na ji. Ta ɗauki hoto, ta wuce wajen masaƙa. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba, sai ciwon gwiwa.

A hanyar gida ta nuna mini hoton, ta ce ya fito da kyau. Tsagar tana ɗaya gefen, ba ta fito ba. Ta riga ta tura wa 'yan'uwanta da bayanin wayar.

Yanzu a gidanmu akushin na attajirai ne. Ban ƙara tayar da maganar ba, ba wanda ya tambaya.