Ɗan Asabe da Semina

Baba Ɗan Asabe mutumin wani ƙauye ne bayan Maradun, kuma duk yankin an san shi da abu ɗaya: irin dawarsa, kaura mai jan ido, wadda ya gada wurin ubansa. In an yi girbi shi ke zaɓen zangarniya da kansa, ya rataye a ɗakin girki hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. Ko matarsa Saude ba ta isa ta taɓa ba, mutum ne mai rowar tsiya a kan iri, amma in shuka za ka yi sai ya cika maka hannu.

Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, ya bar shanu da rumbu, ya fito da irin nan cikin buhu. Suka kama ɗaki a bayan gidanmu a Talata Mafara. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake wucewa, babu inda zai shuka. Shi kuwa iri yana da rai, in ya daɗe bai ga ƙasa ba mutuwa yake yi. Wannan shi ne ciwon da ke cin tsohon nan.

Sai wata ƙungiya ta kira manoman da suka yi gudun hijira zuwa semina. Ɗan Asabe ya tambayi surukinsa Malam Tijjani, mai koyar da Turanci a sakandare, ko mece ce semina. Tijjani kuwa ba a tambayarsa ya amsa a taƙaice. Ya gyara zama ya ce kalmar ta samo asali daga Latin, harshen Rumawan dā, kuma ma'anarta ta farko ita ce fangalin da ake yafa iri ya tsiro kafin a dasa. Daga baya ne Turawa suka ara suka sa wa zaman ilimi. Gaskiya ya faɗa, sai dai tsohon bai ji ƙarshen bayanin ba, kunnensa ya tsaya a kan fangali.

Ranar taron na gan shi ya fito da fartanya a kafaɗa da buhunsa a ka. Na so in tsayar da shi, sai dai na bi bayansa zuwa wurin taron.

Aka zaunar da su kan kujerun roba, aka haska musu hotunan gonakin wata ƙasa a bango, aka raba lemo. Da aka ce ko akwai mai tambaya, ya miƙe.

"Ɗiyana, mun ji karatu, Allah shi saka. To ina wurin da za mu shibka? Ko inda jaki ka birgima ku ba ni, ya ishe ni."

Yarinyar da ke jawabin ta ce wannan ba ya hannunsu. Ban ga laifinta ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Da ya dawo ya ɗebi tafi guda ya ƙunshe a jiƙaƙƙen tsumma, kamar yadda manoma ke gwada iri. Bayan 'yan kwanaki ya kwance a gabana. Ƙwayoyin sun kumbura sun yi tsami, ko ɗaya ba ta fid da kai ba.

Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya kira Saude ya ce ta kai buhun wurin niƙa. Da ta kawo tuwon ya ce shi ya ƙoshi, a ba yara.